Ƙwayoyin da Suka Ƙi Hucewa

Malam Labaran malamin kimiyya ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Diffa, mutumin Maine-Soroa, siriri, mai taurin kai. In ya ce zai gyara abu, to ko dai abin ya gyaru ko ya ƙarasa mutuwa a hannunsa.

Abu ɗaya ya gagare shi, matarsa Zara. Tana ƙauyen iyayenta a bakin kogin Komadugu, wajen tsinkar tattasai, ranar da 'yan bindiga suka tashi garin. Tun daga nan ko murfin tukunya ya faɗi sai jikinta ya kama rawa har la'asar. An sha rubutu, an je asibiti. Labaran yana sonta, kuma tsoronsa kada ta dawwama a haka.

Sai ya ji labarin wata manhaja da masu bincike ke kwaikwayon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ita. Ya sha wuya kafin ta zauna a tsohuwar kwamfutarsa: yau rezon intanet ya gudu, gobe an ɗauke kuran, ba wutar lantarki, jibi ta ce ba ta aiki sai an sauko mata da wata 'yar'uwarta. Ya bi ta da naci har ta zauna.

Ya fara gwaji da ƙwaya ɗaya. Ya ba ta 'yar wuta, lasifikar kwamfutar ta ce ƙas, ta yi shiru. Sai ya ɗaure ƙwayoyi da yawa, kowace tana taɓa maƙwabciyarta, ya buga musu wuta mai ƙarfi sau ɗaya kamar firgici, ya janye. So yake ya ga yaushe za su huce.

Ba su huce ba. Rana tsaka, unguwa tsit, su kuwa ƙas-ƙas-ƙas suna ta tada juna, ba mai taɓa su. Ya goge, ya sake, haka dai.

Da ya waiga, Zara tana bakin ƙofa da kwanon abinci, ko rawa jikinta ba ya yi.

"Malam, irin ƙarar da nake ji ke nan," ta ce, ta taɓa bayan kunnenta. "Tana dainawa?"

Labaran ya miƙa hannu a hankali ya murɗe muryar lasifikar. "Ga shi, ta daina."

Zara ta daɗe tana kallon allon, inda layukan bugun ƙwayoyin ke ci gaba da tsalle ba sauti.

"Ni ma haka nake yi maka, Malam," ta ce.