Jirgin Yaya da Dawar Baba

Yayana bakanike ne a Malumfashi. Injinan ban-ruwa da janareto yake gyarawa, kuma ba laifi, hannunsa yana da kyau. Da ya tsaya a nan da mun zauna lafiya, amma sai ya ƙera jirgin sama. Ba na ɗaukar mutane ba, Allah ya tsare, ƙarami ne, faɗinsa bai wuce gaba guda ba, ana tuƙa shi daga ƙasa da rimot. Jikinsa farin soso ne na cikin kwalin firiji, injinsa kuwa na yankan ciyawa ne da ya tsinto a Funtua. Ya yanke gindin jarkar mai ya kifa wa injin a matsayin hula, ya huda ɗan rami a gaba, wai don ya yi kama da na gaske.

Mahaifinmu manomi ne a wajen Dayi, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: tun da ya yi aure bai taɓa auna hatsi a kasuwa ba. Ko gaisuwa ka tsawaita da shi sai ya gaya maka. Kowace shekara in dawa ta fara ido, tsuntsaye jan-baki sukan sauko mata dubu-dubu. Sai Baba ya zagaye gonar da igiya mai gwangwanaye, ya hau rumfa tun da sassafe, yana ja yana ihu har rana ta faɗi. A shekarar da nake magana gwiwa ta fara cin amanarsa, hawan rumfar ma aiki ne.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Baba, bana ka huta. Jirgina zai kori tsuntsun nan."

Baba ya dube ni. Ni ne malamin kimiyya a sakandare, ni ne mai ilimin gida. Na gyara murya na yi bayani mai tsawo a kan yadda tsuntsu ke tsoron shaho, har da zane a ƙasa. Baba ya ce, "To, ku kuka yi boko." Muka je muka kwance igiyar don kada ta sarƙe jirgin, muka rushe rumfar don wurinta ne kaɗai fili mai kyau da zai sauka. Mu biyu muka yi wannan aikin, muna raha.

Ranar farko jirgin ya tashi, wallahi ya tashi! Jan-baki suka watse, ni har na fara tunanin abin da zan ce wa 'yan jarida. Minti uku sai muryar injin ta canja, ya yi tari, ya yi shiru. Yaya ya lallaɓo da shi ƙasa da ƙyar. Ya tofa wa injin yawu, yawun ya yi cuuu ya ɓace. Zafi ne, injin yana dahuwa a cikin hularsa. Jan-baki kuwa kafin mu gama duba fulogi sun dawo sun zauna.

Na ce a cire hular kawai. Yaya ya ce sam, jirgi ba hula ai keken guragu ne da fiffike. Muka kwaso shi muka dawo gida, ƙarƙashin darbejiya, muka buɗe asibiti. Muka faɗaɗa ramin gaba. Minti uku. Muka ƙara faɗaɗa shi har jirgin ya zama kamar mai hamma. Minti uku da rabi. Mutanen unguwa kuwa duk suka zama injiniyoyi. Wani Alhaji mai babbar mota ya ce a ƙara baƙin mai, muka ƙara, injin ya yi ta aman hayaƙi yana nan da zafinsa.

Sai ni, gwani, na kawo tawa. Na nuna wa Yaya randar Inna da ke naɗe da jiƙaƙƙen buhu, na ce, "Yaya, ka taɓa shan ruwan zafi a randar nan? Kimiyya ce zalla. Ruwa yana bushewa, yana tafiya da zafin." Yaya ya ce, "Malam, kai ne karatunka bai tashi a banza ba." Muka yanko buhu, muka jiƙa shi sharkaf, muka naɗe injin tsaf kamar jinjiri. Abin da kimiyyata ta manta shi ne randa ba ta tashi sama. Buhun ya toshe 'yar iskar da ke shiga, ya kuma rinjayi hancin jirgin. Ya tashi yana tururi, ya sunkuyar da kai, ya tafi kai tsaye ya dasa kansa a waken soyar maƙwabci. Fiffike ya karye, farfela ta tsage. Gyaran ya ci mako guda.

Duk kwanakin nan Baba yana fita da sassafe da tsohuwar tasar ƙarfe da sanda, yana ɗingishi a tsakanin kunyoyi yana bugawa. In ya kori na gabas, na yamma su sauka. Mun ce za mu mayar da igiyar, amma kullum gobe jirgi zai tashi, to wahalar me? Da yamma in ya dawo, murya a dishe, sai ya tsaya a kanmu ya ce, "Injiniyoyi, an samu sanyin?" Mu ce saura kaɗan, Baba. Ya ce madalla, ya wuce ya yi alwala.

Inna ce ta gaji. Ta fito daga madafi da muciya a hannu, ta leƙa hular jirgin ta gaba, ta zagaya ta leƙa ta baya, ta ce, "Wannan ramin na shiga ne. Ina na fita?"

Na fara yi mata bayani. Ta ce, "Rufe mini baki. Da aka gina madafin nan ƙofa kawai aka yi masa, hayaƙi ya kusa makantar da ni. Faɗin ƙofar bai hana komai ba, sai da na sa ubanku ya fasa bango ta baya. Ku kun cusa wa abu iska kun toshe masa baya, ta ina za ta wuce?"

Ni dai na shiga duba farcena. Yaya ya ɗauki wuƙa ya yanke babbar kafa a ƙasan hular ta baya, wadda ta fi ta gaba girma sosai. Ya rage ramin gaban da muka yi ta yagewa. Ya lanƙwasa gwangwani ya kafa a ciki, don iskar ta bi ta kan haƙarƙarin injin dole maimakon ta yi yawo a gefe. Gwangwanin ma daga igiyar Baba muka ciro shi, tana nan yashe a zaure. A filin ƙwallo muka gwada. Jirgin ya yi ta shawagi har mai ya ƙare, muryarsa ba ta canja ba.

Washegari muka nufi gona muna taƙama, bayan kusan mako uku. Jirgin ya tashi lafiya lau, ya zagaya gonar sau ba adadi. Tsuntsun da ya tashi bai kai ashirin ba, sauran sun ƙoshi sun yi gaba. Baba ya karyo zangarniya ɗaya ya murje a tafinsa, ya hura, ba abin da ya rage sai ƙaiƙayi. Da jirgin ya sauka ya ɗingiso ya ɗora hannu a hular, ya daɗe, sannan ya ce, "Lallai kam, ya yi sanyi." Da ma zagin mu ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba, kafin damina ta sauka ya ƙare. Ranar kasuwa na ga Baba ya naɗe buhu ya saƙala a hammata. Yaya ya tare shi ya ce, "Baba, don Allah kawo in je." Na ce ko ni in je, ba wanda zai san na gidanmu ne.

Baba ya ce, "A'a, ku zauna, kuna da aiki. Ni dai ku gaya mini, ku da kuka saba, a wane layi masu hatsi suke zama?"