Ranar da Kwamfuta Ta Ce In Kori Abokina

Shekarun baya can, lokacin da China ke shirin karɓar gasar Olamfik, ina zaune a Guangzhou, ina saro takalma a Zhanxi Lu ina turawa Kano. A Beijing ake gasar, amma zafinta har kanmu ya sauka. Biza ta yi wuya, masana'antu sun rage aiki, duk shagon da ka shiga neman kayanka sai lawban, wato mai shago, ya kaɗa maka hannu ya ce "meyo", babu ke nan. Mu da muka saba yini a ƙafa sai ga mu zaune, ba aikin fari balle na baƙi.

A wannan zaman ne wani ɗan Zongon Kumasi da ke yi mana lodin kaya ya ja mu wani kafe a unguwarmu, ya ce ya samo wasan ƙwallo a intanet. Na zauna da zumuɗina ina jiran in ga raga da gola, sai na ga ƙwallon kamar gwanda, 'yan wasa da hular ƙarfe. Ashe ƙwallon Amurka ne. Ba ma kai kake bugawa ba. Kowa zai ƙirƙiri ɗan wasa ɗaya ya riƙa yi masa horo, a haɗu a ƙungiya, kwamfuta ta buga wasan ta kawo sakamako. Na ce wannan ai shirme ne. Kafin sati ya zagayo ni ne shugaban ƙungiya, ina yi wa manyan alhazai faɗa don sun manta ba su yi horo ba.

Duk guraben ƙungiyar mu muka cike su, Kanawa, 'yan Maraɗi, 'yan Zongo. Kowane ɗan wasa akwai mai shi, mutum ne da muke cin abinci a faranti ɗaya. Gurbi mafi daraja shi ne na kwatabak, wanda ake fara miƙa wa ƙwallo, shi zai jefa, shi zai tsara komai. Wannan na abokina ne. Ɗakinmu ɗaya da shi, jakunkunan mata yake sarowa a Shiling, kuma mutum ne da ko ƙwallon roba bai taɓa bugawa ba a Fagge. Amma ya raini ɗan wasan nan kamar ragon layya. Kafin ya hau motar Shiling sai ya biya kafe ya yi masa horo. Albarkacinsa muka riƙa lallasa Turawa, har muka fara hango wasannin ƙarshe na cin kofi.

Sai bizarsa ta ƙare, sabuntawa ta gagara. Dole ya tattara cikin gaggawa. Na raka shi da akwatinsa zuwa bakin titi, ya shiga tasi, sannan ya leƙo ta taga ya ce, "Ka riƙe min wurina, ina dawowa." Ban tambaye shi wane wuri ba. A wurinmu in ɗan'uwa ya yi tafiya ya ce a riƙe masa wuri, komai nasa ake riƙewa, daga rumfa har tabarmar sallah. Wani ya zauna a madadinsa, amma wurin nasa ne.

Abin da ban sani ba, wasan yana da doka: in mai ɗan wasa ya daɗe bai shiga ba, sai a hana ɗan wasan taka fili. Abokina ya isa Kano ya faɗa cikin nasa matsalolin, layinsa ma ba ya shiga, kuma bai bar min lambar sirrinsa ba. Wata rana bayan La'asar na buɗe kwamfuta, na ga sunan kwatabak ɗinmu ya koma ruwan toka. Ga wasa gobe. Ana iya ɗauko wani kwatabak daga waje, suna nan birjik suna neman ƙungiya, amma gurabenmu a cike suke. Sai ka sallami wani kafin ka ɗauki wani.

Ni ban ga abin damuwa ba. Tun muna yara, in gola bai zo ba wani ke cire riga ya tsaya a raga, ba a taɓa fasa wasa ba. Na ɗauki ɗan wasana, wanda aikinsa karɓar ƙwallo ya zura da gudu, na sa shi wakilci a gurbin abokina. Har ina yaba wa kaina dabara, na sayi shayi na zauna jiran sakamako.

Jama'a, ko da na duba sai na ga duk makin ɗan wasana ya koma ja. An zabge masa iya jifa. To wannan na yarda, ba sana'arsa ba ce. Amma har gudunsa aka zabge, har ƙarfinsa, har numfashinsa! Yaron da babu mai kamo shi a rukuninmu kaf, don kawai ya matsa gefe ya tsaya a wani wuri, sai ƙafarsa ta mutu? Aka buga wasan yana ta jefa wa abokan gaba ƙwallo kamar mai rabon goro a ɗaurin aure. Aka yi mana cin da ban so in tuna.

Na shiga dandalin tattaunawar wasan na zazzage musu da Turancina na kasuwa. Na ce wace irin doka ce wannan, mutum ya tsaya wa ɗan'uwansa a karya masa ƙafa? Wani Ba'amurke mai kula da rukuninmu ya amsa min a tsanake. Ya ce a baya wasu sun riƙa sa masu gudu a gurbin kwatabak suna cin wasa da zamba, shi ya sa aka sa hukuncin, kuma duk wasan da na maimaita hukuncin ƙaruwa zai yi. Na ce to ni zambar me na yi, da aka ci ni kamar an samu tuwon sadaka? Na bayyana masa cewa mai gurbin tafiya ta kama shi, amana ya bar min. Ya ce ya tausaya, amma maganin mai sauƙi ne, in sallame shi in ɗauki wani. Har ya nuna min inda zan danna.

Ban danna ba. Aka sake cin mu, aka kuma. Sannan saƙo ya zo cewa ƙungiyarmu na ɓata gasa da gangan, in ban sa kwatabak na gaske a wasa na gaba ba, za a cire mu daga neman kofi a mai da mu rukunin ƙasa. Da gangan! Ni da nake kwana ina lissafin yadda za mu ci.

Maganar ta kai gidan abincin da muke haɗuwa da rana. Ɗan Zongon nan ya ajiye cokali ya ce, "Alaji, wasa ne fa. Cire shi, in ya dawo ka mai da shi. Shi kansa ba zai sani ba."

Na ce, "In na sallame shi, kasuwa zai shiga, wata ƙungiya ta ɗauke. Kuma zai gani a rubuce cewa ni na kore shi."

Wani dattijo ɗan Maraɗi, mai saro yadi a Baima, ya ce, "Malam, mu ma fa mun sha wahalar horon nan. Saboda hoton mutum ɗaya za ka zubar da mu duka?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ta yi min zafi. Na ce, "Baba, da kai ne ka tafi, me za ka so in yi?" Ya juya miya, ya ce shi dai da ya bar lambar sirri. Aka yi dariya, amma ba a rabu da daɗi ba. Wasu suka janye 'yan wasansu suka koma ƙungiyoyin Turawa. Da suka fita gurabe sun samu, sai dai lokacin ɗaukar sababbin 'yan wasa ya riga ya rufe. Ranar wasa na sake tura ɗan wasana gurgun wakilcinsa. Aka cire mu. Ina zaune a kafe ina kallon ƙungiyar da muka taɓa yi wa kaca-kaca tana ɗaga kofi, mai kafe yana tambayata ko lafiya, don ya ga ina yi wa kwamfutarsa masifa da Hausa.

Olamfik ta wuce, kasuwa ta buɗe, kowa ya koma harkarsa. Ni ma na rage shiga, sai dai nakan leƙa don kada a rufe ƙungiyar. Abokina kuwa shiru. Abin da na iya riƙe masa a zahiri bai taka kara ya karya ba. Mai gida ya sa wani a gadonsa, don ni kaɗai ba zan iya da ɗakin ba. Lawban ɗinsa na Shiling ya ba wani samfurin jakar da shi ya zana. Kusurwarsa a sito ma an zuba kayan wani. Ina gani aka yi duk wannan, ba yadda na iya.

Bayan Babbar Sallah na leƙa wata rana, sai na ga sunan nan mai ruwan toka ya koma kore. Ban gama murtsuke ido ba wayata ta yi ƙara, lambar Najeriya. Shi ne, daga wani kafe a Kano. Ko gaisuwar kirki bai yi ba ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Na bar ƙungiya tana neman kofi, na dawo na tarar da ita a rami! Waye ya ce ka sa wannan gurgun naka a wurina?" Na buɗe baki zan rama, sai na ji muryarsa ta sauya. Ya ce ya nemi biza an hana shi, ya kira Shiling an ce ba a gane shi ba, abokan cinikinsa na Kwari sun koma wurin wasu. Ya ce, "Wallahi na shigo ne kawai in ga wanda ka sa a madadina. Ko'ina na duba an maye gurbina. Sai nan na ga sunana yana nan." 

Har yau in na tuna dokar nan raina ɓaci yake. Na fahimci sun yi ta ne don maganin 'yan zamba, amma ba su bar ko ƙofa ɗaya ba ga wanda ya tsaya wa wani. A lissafinsu mutum in ba ya nan to babu shi, wanda ya jira shi kuma mai laifi ne. Kofin ma ya tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba, don da mun ci shi. Kuma har gobe ban yarda cewa tsayuwa a wurin kwatabak na rage wa mutum gudu ba, duk wanda ya rubuta wannan ya zo mu zauna.

Abokina bai sake taka Guangzhou ba, yanzu a Kano yake da shagonsa. Wasan ma tuni muka daina. Amma kakar wasan da ta biyo baya mun buga ta tare, shi a kafen Kano, ni a na Guangzhou, a can rukunin ƙasa inda ba mai kallonmu. Ranar wasan farko na cire ɗan wasana daga gurbin, makinsa ya dawo daidai, na mayar da mai wuri wurinsa.