Ban Yafe wa Manajan Sulaimanu Ba

Shekara bakwai ke nan da aka yi wa ƙanena Sulaimanu salla a Harami bayan la'asar, maza suka wuce da shi maƙabarta, mu mata muka koma gida unguwar Aziziyya a nan Makka muka zauna karɓar gaisuwa. Na san in mutum zai yi irin wannan rubutu yakan cika shi da yabo da addu'a, ya rufe da cewa ya yafe wa kowa. Yabon zan yi, addu'ar ma zan yi. Amma akwai mutum ɗaya da ban yafe wa ba, kuma gara mai karatu ya sani tun yanzu.

Mu biyu aka haifa a gidanmu, a unguwar Nakkasa, can saman dutse inda mota ba ta kaiwa. Kakanmu daga Kano ya zo aikin Hajji bai koma ba. Na girme wa Sulaimanu da shekara tara, a bayana ya tashi. Babanmu ɗaukar kayan alhazai ya yi har bayansa ya lalace, kuma tun Sulaimanu yana firamare shi ke matsa masa bayan nan kowace yamma. Baba yakan ce hannun kowa nauyi ne da shi, ban da na yaron nan. Da ya gama sakandare da sakamako mai kyau, aka tura shi Amurka ya karanci gashin ƙashi da kula da gaɓoɓi.

Bayan ya gama sai ya samu aiki a wata babbar ƙungiyar ƙwallon Amurka. Ba ƙwallon ƙafar da muka sani ba ce. Tasu ana rungumarta ne a hannu a ruga, ƙarti sanye da hular kwano suna bi suna kayar da wanda ya riƙe ta. Wasa ne mai cin gwiwa da kafaɗa, shi ya sa kowace ƙungiya take da masu kula da raunin 'yan wasa. Sulaimanu na cikin ƙananansu. Ya zo gida ya ɗauki matarsa Asma'u da 'yarsu Rukayya, suka zauna can. Duk Juma'a yana kirana, ya ba ni labarin mutanen da cinyarsu ta kai kaurin tukunyar gas, amma in ya taɓa musu inda ke ciwo sai su yi ta ƙara kamar yara.

A shekararsa ta huɗu ƙungiyar ta yi ta shan kashi, masu ita suka kawo sabon manaja suka ce ya sake gina ta. Daga bakin Sulaimanu na fara jin abin da suke kira shekarar sake gini. Ana rabuwa da tsofaffin 'yan wasa, a ba da su ga wasu ƙungiyoyi a karɓi damar zaɓen matasa, a haƙura da nasara har yaran su girma. Mu da aka rushe wa gidaje aka tashe mu daga Nakkasa mun san sake gini, mun san kuma akwai waɗanda ba a sake ginin da su.

A cikin tsofaffin akwai wani da manajan yake so ya ba da shi musanya, ga shi yana jinyar gwiwa, kuma Sulaimanu ne ke kula da shi kullum. Ba mai karɓar ɗan wasan da ke zaune a benci, don haka manajan ya so a fito da shi fili a gan shi yana gudu. Sulaimanu ya rubuta a rahotonsa cewa gwiwar ba ta warke ba, tana bukatar wasu makonni. Ya faɗa wa shugabansa, ya kuma faɗa wa manajan baki da baki a ofishinsa. Manajan ya gode masa, ya raka shi har ƙofa. Ranar wasa aka sa mutumin, ba a je ko'ina ba ya faɗi, aka fitar da shi a kan ƙaramar mota. Bai sake buga wasa ba har yau.

Washegari manajan ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce wani ƙaramin ma'aikaci ne ya ba su rahoton da ba daidai ba, kuma an sallame shi. Da suka matsa, sai ya kama sunan ƙanena. Kafin Sulaimanu ya iso wurin aiki an rufe masa hanyar shiga kwamfutar da rahoton yake ciki, mai gadi ya miƙa masa kayansa a kwali a bakin ƙofa. Shugabansa da ya san gaskiya bai tsaya masa ba. Takardar zamansa a Amurka tana ɗaure da aikin, ga mahaifiyarmu kwance a nan tana tambayarsa. Ya tattara iyalinsa ya dawo Makka.

Mun ɗauka da takardun da yake da su kowane asibiti zai yi rububinsa. Ya je wurare da dama a nan da Jidda. Ana karɓarsa da fara'a, a ce za a kira shi, sai a ji shiru. Wani abokinsa ne ya gaya masa dalili: da zarar an rubuta sunansa a intanet, abin da ke fara fitowa shi ne maganar manajan. A ƙarshe ya kama aiki a wani ɗan shago a unguwar Kudai inda ake ƙaho da tausa, kusa da tashar bas. Mutumin da ya kula da 'yan wasan da duniya ke kallo ya koma gasa wa direbobi baya da duba ƙafafun alhazai da suka kumbura. Bai raina aikin ba, ni ce na raina masa shi. Na taɓa kai masa abinci na same shi durƙushe yana wanke wa wani tsoho ɗan Nijar ƙafa, na ajiye kwanon na fita waje na yi kuka.

Ni malamar makarantar 'yan mata ce, ban taɓa damuwa da kowace irin ƙwallo ba. Amma daga shekarar na fara bin sakamakon ƙungiyar nan a wayata, ina neman labarin faɗuwarsu. Da kakar wasa ta ƙare suka zo na ƙarshe, na dafa shinkafar kabsa da nama na ɗauka har gidansa na ce albishirinka. Ya saurare ni, ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Yaya, ai abin da yake so ke nan," in ji shi. "A wasan nan wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓen gwanin matasa. Kin dafa masa shinkafar murna ne."

Ban ci abincin ba. Kuma yadda ya faɗa haka aka yi. Manajan ya kwashi yara masu kyau, ƙungiyar ta miƙe, aka yi ta sa hotonsa ana cewa ga mai hangen nesa. A shekarar da suka fi kowace shekara nasara, Sulaimanu ya faɗi a shagon nan na Kudai da rana tsaka, a tsakiyar zafin bazara. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Na yarda da ajali, na san ko a ina yake ranar ba zai wuce ta ba. Amma na ga yadda ya rame a shekara huɗun da ya yi bayan dawowarsa, na ga yadda yake sauya magana in an ambaci asibiti, kuma na san wanda ya jawo.

Bayan rasuwarsa na zauna na koyi wasan sosai, da dokokinsa da yadda ake lissafin maki, don kada a sake yi mini dariya. In an buga, washegari bayan azahar nake kallo. Ba ni da ƙungiyar da nake so, duk wanda ke karawa da su nawa ne. Kuma ban ɓoye wa kowa ba, a ɗawafi nakan ambaci sunan manajan in ce Allah ya saka wa ƙanena. Maigidana ya sha yi mini magana, ya ce mutane na sayar da gonakinsu don su zo wurin nan sau ɗaya su roƙa wa kansu gafara, ni kuma ina da shi kusa ina ɓata lokacina a kan wani Ba'amurke. Na ce masa ina roƙa wa kaina, ina roƙa wa shi maigidan nawa ma, kuma zagaye bakwai ne, akwai wuri.

Abin da ya ƙara ƙeƙasar da zuciyata bara ya faru. Rukayya ta kai shekarar ƙarshe a sakandare, ta ce karatun babanta take so. Yarinya ce da Larabci ya fi zama a bakinta, sai in magana ta yi mata nauyi take komawa Hausa. Wata rana ta zo gidana daga makaranta ko jaka ba ta ajiye ba, ta miƙo mini waya. Sunan babanta ta rubuta don ta ga ko akwai wani abu game da aikinsa, sai ga abin da muka ɓoye mata shekara da shekaru.

"Gwaggo, da gaske Baba ya gurgunta mutum?"

Na zaunar da ita na ba ta labari tun daga farko. Ta yarda da ni, amma ta tambaye ni ina shaida, na ce babu. Na ga yadda ta kalli wayar ta kalle ni. Washegari ban iya koyar da kowa komai ba.

Bana abin ya juyo. Yaran da manajan ya tara sun tsufa, wasu sun tafi, ƙungiyar ta koma shan kashi mako bayan mako. Masu ita suka sanar cewa za a sake gini, kuma wanda aka fara sallama shi ne. Na kalli hoton fitowarsa daga ofis ban san sau nawa ba. Nakan tambayi kaina da Sulaimanu yana nan me zai ce. Na san amsar. Ba zai yi murna ba. Zai fara lissafa ƙananan ma'aikatan da za a kora tare da manajan, mai wankin riguna, masu ɗaure wa 'yan wasa idon sawu, ya ce su wa zai tuna da su. Halinsa ke nan, ni kuma ba shi ba ce. Na yi murna, na kuma yi sadaka.

Bayan korar da 'yan makonni sai saƙo ya shigo tsohon adireshin Sulaimanu na intanet, wanda Asma'u ba ta rufe ba saboda hotunan da ke ciki. Da Turanci ne, sai ta kira ni, Rukayya ta karanta mana. Manajan ne. Ya fara da gaishe da Sulaimanu da sunansa, yana fatan yana lafiya da iyalinsa, yana fatan ya samu aiki mai kyau a ƙasarsu. Ya ce tun da aka sallame shi yake tunani, ya san bai yi masa adalci ba, rahotonsa daidai ne, yana neman ya yafe masa. A ƙasa ya roƙi a bar maganar tsakaninsu.

Bai ma san ya mutu ba. Shekara bakwai ƙanena yana cikin ƙasa, mutumin nan bai taɓa tambaya ba sai da aka miƙa masa nasa kwalin.

Asma'u ta yi kuka ta ce tun da ya amsa laifinsa ita ta yafe, a bar shi. Ban hana ta ba, haƙƙinta ne. Maigidana ya ce mu sa wasiƙar a intanet kowa ya gani. Na yi tunanin hakan kwana biyu na ƙi, don za a ce mu muka ƙirƙira, kuma ba ni ya kamata in wanke abin da wani ya ɓata ba. Na tambayi Rukayya ra'ayinta, ta ce ita dai tana so in an rubuta sunan babanta gaskiya ta fito. Sai na faɗa mata da Hausa tana juyawa da Turanci, muka aika masa:

"Sulaimanu ya rasu shekara bakwai da suka wuce, bai ƙara samun aiki a asibiti ba. A gaban 'yan jarida ka kama sunansa. Ka koma gabansu ka faɗi abin da ka rubuta mana, sannan ka zo ka nemi yafiya."

Mako shida ke nan bai amsa ba. Ina jin yana neman sabon aiki, kuma gaskiya ba za ta taimake shi ba.

In na auna abin da ya rage na ƙanena, ba a Amurka yake ba. Kwanan baya na bi ta Kudai da safe na ga wasu direbobi uku sun dafa jikin bas suna miƙe baya a hankali kafin su hau. Ɗaya ya gane ni, ya ce Dakta Sulaimanu ne ya koya musu, kuma su suke koya wa sababbi. Mutanen nan ba su taɓa rubuta sunansa a waya ba, hannunsa suka sani. Rukayya ta samu gurbin karatu, ta ƙi sauya fanni. Allah ya jiƙan Sulaimanu, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.

Shi kuwa manajan, na ba shi hanya mai sauƙi, minti biyar a gaban 'yan jarida. In ya bi, zan duba zuciyata in ga abin da zan iya. In bai bi ba, akwai ranar da za a tara mu duka, da shi da ni da ƙanena, kuma ina da niyyar tsayawa kusa in ji abin da zai ce.