Marlys Tvedt, Matuƙiyar da Ta Tsufa Cikin Rigar Aro

Tun gari bai waye ba Kyaftin Marlys Tvedt take isowa ɗan filin jirginmu na Elk Ford, a Dakota ta Arewa, da gorar kofi a hannu da hular ulu a ka. Kafin ta gaisa da kowa sai ta zagaya jirgin da ƙafa, ta taɓa taya, ta leƙa ƙarƙashin fiffike. Aikin mataimakinta ne wannan, amma in sanyi ya tsananta sai ta ce masa, "Zauna abinka, ƙashina ya saba." Daga nan ta kwashi mutanen gari ta kai su Minneapolis, ta dawo, ta sake komawa. Haka muka san ta, mu masu duba tikiti a bakin ƙofa, tun kanmu bai yi furfura ba.

Sunan babban kamfani ne a jikin jirgin. Shi ne a tikiti, shi ne a rigar Marlys. Amma ko yini ɗaya ba ta taɓa zama ma'aikaciyarsa ba. Ita 'yar Red Willow ce, ƙaramin kamfanin da ke karɓar kwangilar jigila a ƙananan garuruwa. Duk bayan 'yan shekaru sai babban ya tara ƙananan ya ce wa zai yi masa aikin da rahusa, su kuwa su yi ta karya farashi a kan wuyan matuƙa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Lokacin da Marlys ta fara, direban motar makaranta ya fi ta albashi.

Da ta ƙware sai aka ba ta horar da sababbi. Yara su zo da ɗokinsu, ta koya musu sauka cikin iskar da ke bugowa daga gefe, ta koya musu yadda ake faɗa wa fasinja gaskiya ba tare da an tsorata shi ba. Suna nuna, sai babban kamfani ya tsinke su. Ita ce ma mai tura su. "Me kake jira? Tafi tun kana da gashi." Ita kuwa me ya hana ta tafiya? Yau ta ce gonar mijinta Gordy, gobe ta ce ba ta son manyan birane, jibi ta ce mantawa ta yi. Har yau ba mu san wanne ne gaskiya ba.

Bayan korona sai duniya ta juye. Matuƙa suka yi ƙaranci, manyan kamfanoni suka shiga kwasa, ƙanana suka shiga rige-rigen ƙarin albashi. Waɗanda jiya suke rantsuwa ba su da ko sisi, yau suna ninka kuɗi har da tukuici ga duk wanda ya sa hannu. Yaron da bai gama sanin hanyar bayi a jirgi ba ya fara da abin da Marlys ta yi rabin rayuwarta ba ta gani ba. Da safe kana da mataimaki, da yamma ka ji ya koma wani wuri.

A wannan guguwa Ruben Ostby, ɗaya daga cikin ɗalibanta, ya koma Copperline, babban abokin hamayyar Red Willow. Ina tsaye kusa da ita ranar da ya kira ta.

"Kyaftin, ki taho kawai. Suna neman irinku kamar ruwa a jallo."

"To in na taho, wa zai kai mutanen nan?"

"Wani zai kai su mana."

"Wane wanin? Duk kun gudu."

"Ke fa kika ce mu tafi."

Ta dubi wayar kamar ita ce ta yi maganar. "Na ce ku tafi sama, Ruben. Ban ce ku tsallaka titi ba."

Ta ci gaba da zama a Red Willow. A wannan hunturu ranakun hutunta ma a sama ta yi su, don kada a soke tashi. Verna Schlecht, wata dattijuwa mai zuwa asibitin Minneapolis ana gasa mata ciwon daji, ta ce ba ta taɓa makara ba, kuma kowace tafiya muryar mace ɗaya take ji tana yi musu sannu da zuwa.

Sai wata safiya, daidai lokacin da babban kamfani ke auna su waye masu tashi a kan lokaci don sabunta kwangila, aka wayi gari da yayyafi mai daskarewa. Aka fesa wa jirgi maganin ƙanƙara. Marlys ta fita ta shafa fiffike, ta dawo ta ce ba za ta tashi ba. Manaja ya kira daga hedkwata.

"Marlys, ƙa'ida ta yarda a tashi. Kin san abin da ke gabanmu a makon nan."

"Na sani. Ƙa'idar ba ta nan, ni ina nan."

"Na Copperline ya tashi daga garin da ke kusa da ku."

"Allah ya kai shi lafiya."

Kuma ya kai lafiya lau. Namu ya wuni a ƙasa, fasinja suna ta gunaguni. Da bazara ta kama aka sanar Red Willow ta rasa kwangilar, ba da jimawa ba ta rufe. Wasu suka ce Marlys ce ta jawo. Wasu suka ce an gama ciniki tun kafin ruwan ya sauko. Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Da na Copperline ya faɗi da na san na yi daidai. Da yake bai faɗi ba, ban san komai ba. Gara haka."

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaure mana kai. Copperline ta karɓi hanyar, ta yi hayar jiragen nan dai na jiya, ba a ko sake fenti ba. Ta ɗauki matuƙan da aka sallama. Marlys, saura kaɗan doka ta ajiye ta saboda shekaru, ta tafi neman aiki a matsayin sabuwa, sunanta a can ƙarshen layi, bayan na yaran da ta horar. Ranar farko a aji, malamin da ya shigo koya mata tuƙa jirgin da ta tsufa a ciki Ruben ne.

Ya tsaya yana sosa ƙeya. "Kyaftin, ni ban san ta inda zan fara ba."

"Fara daga inda na fara maka. In ka tsallake wani abu zan gane."

Ta dawo Elk Ford da riga iri ɗaya, jirgi ɗaya, hanya ɗaya, da albashin da ba ta taɓa samu ba a rayuwarta. Gordy ya ce mata, "Wato sai da kika zama 'yar koyo aka fara biyan ki na gwani? Da kin sani da kin yi ta faɗuwa jarrabawa." Fasinja kuwa ba wanda ya lura an yi wani sauyi.

Watan jiya ta yi saukarta ta ƙarshe. Muka rasa wa zai shirya mata walima. Babban kamfani ya ce ba shi da ma'aikaciya mai wannan suna. Red Willow ta mutu. Copperline ta ce sabuwa ce, ba ta kai ba. Sai gari ya yi abinsa. 'Yan kwana-kwana suka harba ruwa sama suka yi wa jirgin rumfa, matan coci suka cika zauren jira da tukwanen dankali da nama, masu gonaki suka ajiye tarakta suka zo da ƙasa a takalmi.

Marlys, ke ce wadda kamfanoni uku suka ci moriyarta, babu ɗaya da ya san ranar tafiyarta. Ke ce uwar matuƙa, 'ya'yanki suna ƙetare teku ke kina ƙetare gonakin alkama. Ba mu gane lissafin masu kwangila ba, kuma mun ji an ce za a sake tallar hanyar tamu baɗi, ba mu san hannun wa za ta faɗa ba. Abin da muka gane shi ne duk wanda muka miƙa miki a bakin ƙofa kin dawo mana da shi. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu tasowa, ku bi albashi inda ya fi, ba wanda zai ga laifinku. Amma ku riƙe abin da ta faɗa wa wata sabuwar matuƙiya a wajen walimar, da yarinyar ta tambaye ta sirrin aikin: "Ki iya cewa a'a ranar da kowa ke jiran ki ce to. Sannan washegari ki zo aiki."