An goge shafin Jiratawa da sunan Malam Lawali

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Lawali ya rasu.

Da safen nan ina shanya kaya aka bugo mini. Wai mota ta buge shi a kan babur, yana dawowa daga Tsibiri. Motar ba ta tsaya ba.

An yi jana'izarsa bayan azahar.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya koya wa rabin masu gina sit, wato gidan yanar gizo, na Maraɗi aikin. Duk Asabar mukan taru a zauren gidansu a unguwar Zariya, mu koyi manhajar nan ta gina shafukan intanet wadda ba ta da mai ita. Mutanen duniya ne suka haɗu suka gina ta kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Mu namu aikin shi ne mayar da ita Hausa, maɓalli bayan maɓalli.

Ni kaɗai ce mace a zauren da farko. Babana ya hana ni zuwa, ya ce intanet wurin lalacewa ne. Malam Lawali ya ɗauko ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ya zo har ƙofar gidanmu, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna masa shagon atamfar da na gina wa wata Hajiya a intanet. Ya ce, “Baba, wanga aikin ɗiyarka ne. Ni ko hannu ban sa ba.”

Ƙarya ya yi, Allah ya gafarta masa. Ya sa hannu sosai.

Da Najeriya ta yanke mana wuta muna zaune cikin zafi, shi ya kinkimo sola daga ɗakin matarsa ya aza a kan zaure. Sai kowa ya cika ordinatarsa sannan ya sa tasa.

To, ina da magana, kuma ba zan haɗiye ta ba.

Kun tuna bayan da sojoji suka karɓi mulki yadda mutane suka riƙa zuwa a cire musu hotuna daga sit ɗinsu? Duk wanda ya taɓa sa hular jam'iyya sai ya zo zauren yana rage murya. Malam yana dariya ya cire musu. Ya ce sit ɗinka gidanka ne, ka share shi yadda ka ga dama.

Guda ɗaya ya ƙi.

Akwai sit ɗin da ya gina wa wata ƙungiyar masu noman rani a Jiratawa. A ciki akwai bidiyon wani Alhaji, lokacin yana neman kujera, tsaye a gaban manoma da hular jam'iyya, yana rantsuwa zai sa musu sabon injin ban ruwa in sun bar masa wani fili na ƙungiyar. Sun bar masa. Ya katange filin. Injin bai zo ba. Ba su yi takarda ba, bidiyon nan shi ne duk shaidar da suke da ita, kuma suna shirin kai ƙara.

Ba zan faɗi sunan Alhajin ba. Ya san kansa.

An aiko wa Malam sau da yawa. An yi lallashi, an yi tayin kwangila, an tuna masa cewa yana da iyali. Amsarsa ɗaya ce: “Ba nawa ba ne. Na mutanen Jiratawa ne. Ku tahi ku tambaye su.”

Yau ina cikin gida wurin mata, ina riƙe da matarsa Rakiya, sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Namiji ne, muryarsa a kwance.

“Malama Rabi, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi.”

Na ce amin.

“To, yanzu wa ad da mabuɗin sit ɗin nan na Jiratawa? Don kada shi lalace.”

Na ce, “Kai wane ne?” Ya kashe.

Ko likkafani ba a gama ɗinkawa ba a lokacin.

Na tambayi Rakiya kayan da aka kawo daga wurin hatsarin. An kawo wayarsa, an kawo hularsa, har takalminsa ƙafa ɗaya an kawo. Jakar ordinatarsa ce babu. Malam da ko masallaci zai je sai ya rataya jakar nan.

Da la'asar na buɗe sit ɗin. Shafin bidiyon babu shi. Wanda ya san manhajar nan ya san duk abin da aka taɓa sai ta nuna sunan wanda ya taɓa. Na duba. Sunan Malam Lawali ne. A lokacin da ta nuna an goge shafin, maza suna maƙabarta suna zuba masa ƙasa.

Ban ce wani ya kashe shi ba. Ban gani ba, kuma ina tsoron Allah. Ajali idan ya zo ko a kan tabarma ne sai a tafi. Amma mamaci ba ya goge shafi. Kuma wanda ya goge ya san inda ake shiga, ya san a bi a share kwandon shara. Wannan ba aikin ɓarawon hanya ba ne. Irin abin da ake koya ne a zaure irin namu, kuma wannan shi ya fi yi mini ciwo.

Ganina da shi na ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ne. Ya ce darasin ranar shi ne yadda ake kwafe sit gaba ɗaya a adana. Ya sa kowa ya fito da kile ɗinsa, wannan ɗan abin da muke sokawa a ordinata mu ɗebi aiki. Sit ɗin Jiratawa ya ba mu mu gwada da shi. Na yi ta mita, na ce Malam mun iya wannan tun bara.

Ya ce, “Ke dai kwahe, Rabi. Mi zai rage ki da shi?”

Da zan tafi ya raka ni bakin titi ya tsayar mini da kabu-kabu, ya ce in gaida Baba. Shi ke nan.

Sai yau na gane ba darasi ba ne.

Saboda haka, 'yan zaure, ku saurare ni. Duk wanda ya zo ranar, bidiyon nan yana cikin kile ɗinsa. Wanda ya ɗauki ordinatar ma ya karanta, ya sani ya yi wahalar banza. Kada ku kawo su zaure ranar Asabar. Kada ku tara su wuri ɗaya. Kada ku ba kowa, ko ya ce Rakiya ce ta aiko shi, ko ya ce ni ce. Ranar da manoman Jiratawa za su tsaya gaban alƙali, ranar za mu fito da su. Ban san wanda zan yarda da shi a cikinmu ba, kuma ban ce ku yarda da ni ba.

Allah ya jiƙan Malam Lawali, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya ba Rakiya da yaransa haƙuri. Abin da ke ɓoye kuma, Allah ya fi mu sani, shi muka bar wa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da mu da muka rage.