Mukullin Motar da Ban Tambayi Halinta Ba

Ni direban babbar mota ne, ko in ce na taɓa zama. Shekara goma sha tara ina jan kaya daga Lafiya. Doya daga Assakio, riɗi daga Obi, in kai Kano, in dawo da taki ko siminti. Ban yi boko ba, takarda ma da yatsa nake sa mata hannu, wannan kuma maƙwabcina ne ya rubuta yadda na faɗa. Amma a duk shekarun nan ko akuya ban taɓa takawa ba, kuma kowane gareji a garin nan ya sani. Abin da na mallaka ke nan: ɗaki biyu a Bukan Sidi, mata, 'ya'ya huɗu, da wannan suna.

Lokacin da abin ya faru, direbobi sun yi wuya a kamfaninmu. Motoci na tsaye a fili, babu mai ja. Wasu sun koma manyan kamfanoni, wasu sun sayi keke napep suna kwana a gidajensu, wasu sun koma gona. Ko yaran mota an riga an miƙa musu sitiyari, mu tsofaffi muna tafiya mu kaɗai. Manaja kullum yana cewa 'yan yanzu ragwaye ne, ba sa son wahala. Ni ma ina taya shi faɗa, don yana nuna ni yana cewa ga irin direban da ake nema. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Muna da al'ada a wannan sana'a. Mota ɗaya, direba ɗaya. Idan za ka karɓi motar wani, sai ka neme shi, ka saya masa shayi, ku zauna a benci ya faɗa maka halinta: inda take ja gefe, giyar da take ƙi, abin da take yi idan ta ɗauki zafi. Ko kun yi faɗa, wannan zaman ba a fasa shi. Ni na fasa. Motata ta shiga gyaran inji, manaja ya miƙo mini mukullin wata da ta yi sati uku a tsaye. Mai janta wani ɗan ƙabilar Tibi ne, abokin aikina na shekara bakwai, ya ajiye aiki ya koma jan keke. Manaja ya ce kada in ɓata lokaci wajen mutumin da ya gudu, doya na jira a rana. Na ga ɗan Tibin da idona a bakin tasha da safen nan. Ya ɗaga mini hannu, ya kira ni babban yaya, ya ce in tsaya mu yi magana. Na leƙo ta taga na ce masa ya je ya ɗauki mata 'yan kasuwa, maza za su tafi aiki. Ya yi dariya, ni ma na yi, na wuce.

Zuwa Kano lafiya lau. Na lura allurar iskar birki tana sauka da sauri, na ce tsufan mota ne. A dawowa na ɗauko taki, mota cike. Da azahar na iso gangaren da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon, wanda kowane direba ke jin tsoro. Na shige shi yadda na saba da tawa motar. Na taka birki sau uku ya amsa, na huɗu ƙafata ta tafi har ƙasa. Iska ta ƙare. A gabana akwai bas cike da mutane, a ƙasa kuma mata sun baza lemu da rogo a bakin hanya. Ban yi dogon tunani ba. Na karya sitiyari na ba dutse kan motar. Babu wanda ya mutu. Ƙafata ta hagu, wadda nake taka kuloci da ita, aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Kwana biyar ina asibiti manaja ya zo da lemun kwalba da takarda. Ya kira ni baba, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce in dangwala yatsa, kamfani zai ɗauki nauyin magani, a sa mini ƙafar roba, a ba ni gadi a fili. Na ce a karanta mini. Ya ce maganar inshora ce kawai, ba sai an wahalar da mara lafiya ba. Na kira wata nas na roƙe ta. Ta karanta a hankali, tana kallonsa. Takardar ta ce barci ne ya ɗauke ni, motar kuwa lafiyarta ƙalau lokacin da ta bar fili.

Na ce masa ban yi barci ba. Ya ce kowa ya sani, amma takarda daban, gaskiya daban, in tuna da 'ya'yana. Na ce saboda su ne ba zan sa ba, ba za a nuna su a ce ubansu ne ya yi barci ya kusa kashe bas guda ba. Ya ce suna ba ya cika tukunya. Na tura hannuna ƙarƙashin bargo na ce ya ɗauki lemunsa. Matata ta yi kuka bayan ya fita. Ta ce ƙafa ta riga ta tafi, me yatsa zai ƙara. Ban ga laifinta ba, don ita ce za ta nemo abin da za a ci.

Washegari ɗan Tibin ya zo da kwanon sakwara. Bai ce ai na kira ka ba. Ya zauna ya faɗa mini abin da shayi ɗaya zai saya mini: tankin iskar motar yana yoyo, ya kai ƙara sau da dama an ce a bari sai bayan kaka. Shi kullum yakan tsaya a saman gangaren, ya jira iska ta cika, ya sauka da giya ɗaya kamar mai rakiyar gawa. Da ya ga wata rana dabarar ba za ta isa ba, ya ajiye mukulli. Wannan ne mutumin da na kira rago. Ya maimaita zancen tankin a gaban shugabannin ƙungiyarmu ta direbobi, wani makanikin kamfanin da ya san zancen ya tsaya masa. Kamfani bai ba ni komai ba, gadin ma ya sha ruwa. Amma babu takarda a duniya da ta ce na yi barci.

Yanzu ina sayar da man juye da bel a bakin gareji, da sanda a gefena. Kwanakin baya manajan ya aiko wai in taimaka in nemo musu direbobi, tunda matasa na jin maganata. Na ce a gaya masa ina taimakawa: duk wanda ya zo, ina tura shi wajen wanda ya bar motar.

Laifina na sani, kuma na biya da ƙafa. Na yarda da yabon manaja, na raina kiran ɗan'uwana. Amma kada wani ya sake ce mini babu direbobi. Muna nan, kan keke, a gona, wasu kan sanda. Masu motoci su tambayi kansu me ya kore mu. Kai kuma da aka miƙo wa mukulli da fara'a, ka sani wani ne ya sauka daga kujerar nan, kuma yana da dalili. Nemo shi, saya masa shayi. Doya za ta jira. Idan kuma aka kawo maka takarda kana kwance, kada yatsanka ya taɓa tawada sai wanda ba ya cin albashinsu ya karanta maka.