Alamar da Ban Koya wa Ƙanena Ba

Ni yaron mota ne a da, a wata babbar mota mai kwasar gyaɗa daga Gwarzo zuwa Kano. Tun ina ƙarami ba na iya zama wuri guda, Inna ma kan ce kamar an zuba mini kiyashi a wando. Amma akwai ƙwaƙwalwa. Duk alamar da ke bakin titi sai da na tambayi direbanmu ma'anarta, na haddace.

Idan kaka ta yi kyau, manoma kan sayi babur, sai kuma maganar lasin. Kafin a ba mutum, sai mai gwaji ya nuna masa alamomin hanya ya faɗi ma'anarsu. Nan na samu sana'a. Ina zana alamun a ƙasa da tsinke, ina koya wa mutane.

Wani dattijo daga Kabo ya gaji da karatun, ya ce, "Ɗan nan, kan nawa ya tsufa. Ka sa rigata ka je mini mana." Na je, na amsa sunansa, na ci. Akwai wanda ke sauya mana hoton da ke jikin lasin daga baya. Shi ke nan, na watsar da koyarwa. Yau ni ne wane na Mainika, gobe wane na Sabon Birni. Ko tari aka yi a bayana sai gabana ya faɗi, amma ban daina ba.

Sai ƙanena Hadi ya sayi nasa babur ɗin. Shi koyo yake so da gaske. Kullum sai ya tsare ni, "Yaya, zauna mu ƙarasa karatun alamun nan." Ranar da ya zana wata alama mai layi biyu da suka tsuke a tsakiya, ya ce mece ce wannan, na share ta da ƙafa. Na ce, "Kai, ka cika naci! Gobe zan je maka." Na kuwa je, na ci masa gwajin.

Alamar siririyar gada ce. Wata rana a hanyar Kabo ya wuce alamar a guje, ya yi kiciɓis da motar gyaɗa a kan gadar. Ya rayu, amma an yanke ƙafarsa ta dama. 'Yan sanda suka tambaye shi yadda ya ci gwaji, Hadi kuwa bai iya ƙarya ba.

Na sha ɗauri, na kuma cancanta. A kurkuku barci ya ƙaurace mini, sai kai da komo kamar kura a keji. Can na tuba, na roƙi Allah gafara.

Da aka sake ni, na tarar da Hadi a zaure, sandarsa a jingine. Bai zage ni ba, wallahi da ma zagin ya yi. Muka gaisa, sai ya sunkuya ya zana alamar nan da yatsa. Ya ce, "Yaya, har yau ba ka gaya mini ba."

Samari, duk mai shirin gwajin lasin ya zauna ya koya da kansa. Idan kuma ƙaninka ya ce ka zauna ku ƙarasa, don Allah ka zauna.